Yadda Ake Shuka Furannin Dajinmu a Cikin Gida Domin Ƙudan Zuma

Damina ta uku ke nan da na ware wani lungu a bayan gidanmu a Zariya na bar wa gasaya da karkashi da ɗoɗɗoya. Duk baƙon da ya shigo da hantsi a watan Satumba, ya ji wurin yana kugi da ƙudan zuma, malam-buɗe-littafi na ta kai da komo, tambayoyinsa ba sa wuce huɗu: ina aka samo iri, yaushe ake shukawa, nawa aka kashe, kuma ba ya jawo maciji? Na sha amsawa da baki, sai na ga gara in jera matakan a rubuce yadda kowa zai iya bi.

Dalilin yin aikin a fili yake. Gidajenmu na birni sun koma siminti da intalok daga ƙofa har bayi, kangwayen da da suke cika da fure an gine su, gefen hanya kuma ana bin sa da feshi. Alhali kabewa da kankana da kuɓewa da gwaiba da mangwaro duk suna amfana da ƙwarin da ke ɗaukar garin fure daga wannan fure zuwa wancan. Wani bincike da aka yi a Burkina Faso aka wallafa a 2017 ya nuna yadda ziyarar ƙudan zuma ke ƙara yabanyar auduga da riɗi ƙwarai da gaske. Ƙwarin nan abinci suke nema, abincinsu kuwa yawancinsa shi ne abin da muke kira ciyawa muke nomewa.

Abu ɗaya nake so a riƙe tun daga farko: wannan aiki da kaka yake farawa, ba da damina ba. Wanda ya tashi neman iri ranar da hadari ya haɗo, ya makara.

1. Zaɓi wurin

Rana ce sharaɗi na farko. Wurin ya riƙa samun rana aƙalla awa shida a yini, ta safe ta fi, domin yawancin furanninmu da sassafe suke buɗewa, kuma daga fitowar rana zuwa hantsi ne ƙudan zuma ya fi kiwo. Ƙarƙashin darbejiya ko mangwaro ba zai yi ba. Tsiro zai miƙe siriri yana neman haske, ya kwanta, furen bai taka kara ya karya ba.

Ka fara da ƙarami. Mita uku tsawo, mita uku faɗi ya isa shekarar farko. In babu wannan, zirin gindin katanga mai faɗin mita ɗaya ma ya yi. Gidan da aka daɓe da siminti gaba ɗaya, ko gidan haya da mai shi bai yarda a fasa masa daɓe ba, sai a koma ga buhuna, rabin duro, tsohon baho ko tukunyar da ta tsage, a huda gindinsu a jera su wuri guda. A jere dai, ba a warwatse ba, domin tarin fure a wuri ɗaya ya fi jan ƙwari.

Kula: kada ka sa shi a bakin ƙofar ɗaki, ko jikin madafa, ko inda yara ke wasa. Ka bar tazarar mita biyu zuwa uku. Kada ka yi shi a kan sokawe ko bututun ruwa, haka nan ba a ƙarƙashin indararo ba, ruwan farko zai kwashe irin kaf. Wurin da ruwa ke kwana a cikinsa bayan an ɗauke ruwan sama shi ma a bar shi.

2. Tara iri da kaka

Nan ne zuciyar aikin. Daga Oktoba zuwa ƙarshen Nuwamba, lokacin da ciyayi suka fara bushewa amma ba a kai ga sa musu wuta ba, ka ɗauki ambulan ko takardar jarida ka fita. Gefen layin dogo, bayan makarantu, kangwaye, saurar da ba a noma ba, bakin fadama: duk nan iri yake kyauta. In gonar wani ce ka nemi izini. Kuma da halin tsaron da ake ciki a wasu yankunan, babu dalilin kutsawa daji mai nisa. Abin da kake nema yana nan a gefen gari.

Ka tafi da wanda ya san tsirrai. Tsohuwar da ta yi shekaru tana tsinkar ganyen miya, ko makiyayi, ko mai sayar da ganye a kasuwar ƙauye, sun fi kowane littafi sanin wanne ne wanne. Ka ce, "Iya, ina ake samun karkashin daji a nan kusa?" Za ta kai ka har gindinsa.

Ga waɗanda na gwada suka yi:

Gasaya ita ce ta farko a wurina. Tana fure da wuri, mako huɗu zuwa shida bayan shuka, lokacin da sauran ba su ko shirya ba. Da rana ƙudan zuma, da magariba manyan malam-buɗe-littafin dare masu dogon baki.

Karkashi da riɗi 'yan gida ɗaya ne, furensu kamar ƙaramar ƙararrawa, ƙudan zuma kan shige ciki ɗungurungum ya fito jikinsa fari da gari. Karkashi ya fi jure fari.

Ɗoɗɗoya furenta ƙanana ne ba su da kwarjini, amma babu abin da ya kai ta tara ƙananan ƙwari, musamman gallo, ɗan ƙaramin zuman nan da ba ya harbi. In ana yi mata ɗan ban ruwa takan kai har cikin hunturu.

Rama da yakuwa sai rana ta fara gajarta suke fure, wajen Satumba da Oktoba, su karɓi aiki daga hannun gasaya. Suna da tsawo, wurinsu baya ne.

Lalo, gadagi, baba da filasko su ne masu cike tsakani. Gadagi da baba dangin wake ne, suna gyara ƙasa. Waken kansa, na gida mai yaɗo, ka sa rami biyu ko uku a gefe.

Garafuni da yaɗiya masu hawa ne, shinge za a ba su. Yaɗiya tana zama kore har cikin rani.

Tafasa tana da nata bayani. Masana tsirrai sun ce asalinta daga yankunan zafi na nahiyar Amurka ne, sai dai ta daɗe a ƙasarmu har ta zama ta gida. Furenta ba ya sakin gari sai an girgiza shi, kuma baƙin ƙwaron nan mai kugi da ke huda azara da katako shi ne gwanin wannan aiki. Shi ɗin ne dai yake yi wa furen tumatir da gauta irin wannan girgiza. Ganyenta kuma abincin tsutsar farin malam-buɗe-littafin nan ne da ake gani da yawa a ƙarshen damina. To amma tafasa ba ta san iyaka ba. Tushe huɗu ko biyar sun isa.

Yadda ake ɗiba: ka jira kwanson ya bushe ya koma ruwan ƙasa, yana ƙara in an kaɗa shi. Ɗanyen kwanso ba ya ba da iri mai tsiro. Ka ɗiba kaɗan-kaɗan daga tushe da yawa, ba ka tatse tushe ɗaya ba, kuma ka bar mafi yawa a inda ka same shi domin wurin ya sake tsirowa baɗi.

Kula: akwai waɗanda ba a kai su gida. Zaƙami, wanda wasu ke kira haukata-yaro, da zurma da bini-da-zugu, 'ya'yansu guba ne kuma yara na sha'awarsu. Ƙarangiya da tsaido da kashin yawo ƙaya ce za ka shuka wa ƙafar iyalinka. Duman kada na cutar da dabbobi. Ƙuduji furensa kyakkyawa ne, amma duk manomi ya san abin da yake yi wa dawa da gero, kada ka zama sanadin kai shi wata gona.

Wanda ya rasa kaka bai yi asarar shekara duka ba. A kasuwa ana samun riɗi, da irin rama, da na yakuwa, da na lalo, da wake. Riɗin ya zama wanda ba a wanke ba, ba a soya ba. Irin da aka shafe da magani mai launin ja ko kore ka bar shi, domin wasu daga cikin magungunan nan suna bin jikin tsiro har su kai fure. Fakitin furannin Turai da ake sayarwa da hoto mai ɗaukar ido kuwa, na gwada sau ɗaya: kaɗan suka tsiro, malkar Agusta ta ruɓar da sauran. An tsara su ne don sanyin wata ƙasa da ƙwarin wata ƙasa.

3. Busar da shi ka ajiye

Ka baza kwanson a faifai a inuwa mai iska har mako guda, ka murje, ka sheƙe. Kowane iri da ambulan ɗinsa, ka rubuta suna da watan da ka ɗiba. Sai ka zuba ambulan ɗin cikin kwalba mai murfi, ka ajiye a ɗaki mai sanyi. Wake da dangoginsa a cuɗa su da busasshiyar toka saboda ƙwari.

Kula: kada ka ɗaure iri a leda da sauran laima a jikinsa, fumfuna zai ci shi. Ajiyar watannin nan ma tana da amfani, domin sabon irin gasaya ba ya tsirowa da kyau sai ya huta wata biyar ko shida.

4. Gyara ƙasa da bazara

Kayan aiki ba su da yawa: fartanya, shebur, manjagara, lauje, bokiti, igiya da turaku huɗu. In akwai siminti ko marmara da za a fasa sai an haɗa da diga da baro, kuma aro ya fi saye.

A watan Maris ko Afrilu, rana na tsakiyar zafinta, ka kafa turaku ka ja igiya. Ka tsince ɓaraguzan gini, leda, fasassun kwalabe da tsofaffin batura. Ka sassauta ƙasar zurfin taƙi ɗaya, ba sai ka yi huɗa ba.

Babban yaƙin da kiri-kiri ne da jiji da tofa. Waɗannan ukun daga saiwa suke dawowa, guntu ɗaya da ka bari a ƙasa zai zama dandali kafin Agusta. Ka tono su da saiwarsu, ka tsince da hannu, ka juya ƙasar ka bar rana ta gasa ta mako biyu, ka sake bi ka tsince. Aiki ne mai gajiyarwa, amma awa biyun da ka ba shi da bazara ya fi kwana goma na noma da damina.

Yanzu ga abin da ya fi ba mutane mamaki: kada ka zuba taki. Ba na zamani ba, ba na juji ba. Tsirran nan sun saba da ƙasa maras ƙarfi, a jigawa da gefen hanya suke rayuwarsu. Ka ba su taki, sai su yi ganye jibgi-jibgi da fure kaɗan, ciyawa kuma ta samu ƙarfin danne su. Takin awaki da na juji cike suke da irin ciyawar da ba ka gayyata ba. Inda kawai ake sassautawa shi ne filin da ya zama fako, ko wanda jar ƙasar gini ce zalla. Nan sai a kawo baƙar ƙasar sama a shimfiɗa kaurin yatsa huɗu, in laka ce mai ɗauri a gauraya da yashi. Masu shuka a buhu su haɗa kashi biyu na ƙasar sama da kashi ɗaya na yashi, da ɗan ruɓaɓɓen taki cikin tafin hannu, tun da buhu ba shi da inda saiwa za ta je nema.

Kula: kada ka yi sharar wurin da maganin kashe ciyawa. Fili ne ɗan ƙarami a cikin gida inda yara da kaji suke, fartanya ta isa.

5. Yi shinge da iyaka

In akwai akuya ko tunkiya ko kaji a gidan, shinge kafin shuka, ba bayanta ba. Kaza ɗaya tana iya tone shukar mako biyu cikin rabin awa. Darnin kara ko zana ya wadatar ga damina ɗaya, ragar waya ta fi daɗewa kuma ba ta tare rana.

A nan ne kuɗi yake shiga. Iri kyauta ne, taki babu, magani babu. Abin da za ka biya shi ne shinge, da ladan leburan da zai fasa daɓe in akwai, da ƙasar sama in filin ya mutu, sai ruwan rani in sayen ruwa kuke yi wajen 'yan garuwa. Wanda yake da ƙasa a tsakar gida kuma ba ya kiwo yana iya gama aikin nan bai ciro ko sisi ba.

Sannan ka zagaye filin da jerin bulo ko duwatsu, ka bar zirin ƙasa tsirara mai faɗin rabin mita a kewaye, har da tsakaninsa da katanga, kana share shi kullum. Wannan zirin shi ne amsar tambayar maciji. Gaskiya ce duhuwar ciyawa tana ba ɓera da kwaɗo mafaka, maciji kuma su yake bi. Maganin abin shi ne fili ƙarami da ake ganin gindinsa, kewaye a share, babu tarin bulo ko itace ko tsohon kwano a kusa, ramukan katanga a toshe. Iyakar bulon tana da wani amfanin kuma: maƙwabci ko duba-gari da ya leƙo zai ga lambu ne da aka yi da niyya, ba ƙazanta ba. Ka ma riga su, ka gaya wa maƙwabtanka abin da kake yi tun kafin tsiro ya kai gwiwa.

6. Jira ruwan shuka

Kada ruwan farko ya ruɗe ka. Sau da yawa yakan sauka sannan a yi mako biyu ko uku ba ɗigo, ƙananan iri su tsiro su ƙone. Binne ya dace da gero a gona, bai dace da irin da ka sha wahalar tarawa cikin ambulan ba. A Kaduna da Zariya damina takan kankama daga ƙarshen Mayu zuwa farkon Yuni, a Kano da Katsina da Sakkwato cikin Yuni, a Maraɗi da Damagaram takan kai ƙarshen Yuni ko farkon Yuli. Hukumar hasashen yanayi ta Najeriya, NiMet, tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, yana da kyau a saurara. Amma ma'auni mafi sauƙi shi ne ka tona da hannu: in damshi ya kai zurfin taƙi ɗaya, kuma manoman yankinku sun fita shuka, lokaci ya yi.

Ruwan farkon yana da nasa aiki. Zai tayar da irin ciyawar da ke kwance a ƙasarka. Ka bar su su fito har kwana goma, sai ka kankare su da fartanya sama-sama. Kada ka zurfafa, za ka tono wani sabon irin ne daga ƙasa. A kan wannan tsaftataccen filin za ka yi shuka.

7. Shuka

Daren jajibirin shuka ka jiƙa masu taurin ɓawo. Tafasa, filasko da baba: ka tafasa ruwa, ka sauke, ka bar shi minti biyu, ka zuba a kansu su kwana a ciki. Waɗanda suka kumbura da safe su ne suka shirya. Lalo ka ƙulle shi a ƙyalle ka tsoma a ruwan zafin kamar daƙiƙa goma ka cire, ka shanya ya sha iska. Gasaya, riɗi, karkashi da ɗoɗɗoya ba sa bukatar komai.

Ka fara da manya. Rama da yakuwa a layin baya, rami-rami, zurfin gaɓar yatsa ɗaya, ƙwaya uku a rami, tazarar kamu ɗaya. Wake, garafuni da yaɗiya a gindin shinge. Tafasa a kusurwa.

Ƙananan kuma yafa su ake yi. Ga fili mai mita uku-uku, cokalin cin abinci biyu na gaurayen ƙananan iri ya isa har ya yi yawa. Ka cuɗa su da busasshen yashi mudu ɗaya domin hannu ya samu abin kamawa, kuma ka ga inda ka zuba. Ka raba biyu, rabi ka yafa daga gabas zuwa yamma, rabi daga kudu zuwa arewa. Ni na fi son in yi wa kowane iri nasa tsibiri, karkashi nan, gasaya can, domin ƙudan zuma in ya fito kiwo yakan bi fure iri ɗaya ne, kuma wajen noma an fi gane tsiron.

Bayan yafi ka ja manjagara a hankali, sannan ka bi da ƙafa ko faffaɗan katako ka danne. Irin ya manne da ƙasa ake so, ba ya nutse ba.

Kula: kuskuren da ya fi yawa shi ne binne ƙananan iri da zurfi. Ɗoɗɗoya musamman haske take so, in ka rufe ta da ƙasa ba za ka gan ta ba. Na biyu shi ne zuba iri duka rana ɗaya. Ka ajiye kashi ɗaya cikin uku, bayan mako uku ka cike gurabe da shi. Hakan yana tsawaita lokacin fure, kuma in fari ya ci shukar farko kana da madogara. Shukar da ta wuce tsakiyar Agusta a ƙasar Kano sai da ban ruwa za ta kai.

8. Cira da noma

Cikin kwana huɗu zuwa goma za ka ga tsiro. Matsalar ita ce a wannan matakin kowa kama da kowa yake. Dabarar da ta taimake ni: ranar shuka na zuba 'yan ƙwayoyi na kowane iri a gwangwani dabam da sunansa a jiki. Duk tsiron da na yi shakka a fili sai in kwatanta da na gwangwani kafin in tumɓuke.

A mako na uku ka yi cira. Ƙanana tazarar taƙi ɗaya, manya tushe ɗaya ko biyu a rami. Hannu yakan yi nauyi wajen cire tsiro mai lafiya, amma cunkoso ba ya fure, kuma shi ne yake zama maɓoyar sauro. Abin da ka cire na gasaya da lalo da rama ai miya ce.

Noma da hannu ne, sau ɗaya a mako har zuwa mako na shida. Duk mai siririn ganye irin na ciyawa ka cire. Harkiya da kyasuwa za su zo ko ba a kira su ba, in ka ƙyale su kafin Satumba sun shafe komai. Tushen kyasuwa ɗaya ko biyu a kusurwa ba laifi. Baƙon tsiro mai faɗin ganye da ba ka sani ba kuwa, in ba shi da ƙaya, ka bar tushe ɗaya ya yi fure ka ga ko wane ne. Ta haka alkamar tururuwa ta shigo nawa filin, kuma ƙananan ƙwari suna son ta.

Sai maganar uwargida. Kusan duk abin da aka shuka ganyen miya ne, kuma mai neman ganye kan tsinke kan tsiro don kada ya yi fure. Ku yi yarjejeniya tun da wuri: gefe ɗaya na tukunya, gefe ɗaya na fure, a na furen ganyen ƙasa kawai ake tsinka.

9. Kada ka yi feshi

Za ka wayi gari ka ga ganyen tafasa ya zama rariya, tsutsa kore tana kai. Kada ka ɗauko magani. Wannan tsutsar ita ce malam-buɗe-littafin da kake jira. Haka tsutsar da ke cin ganyen lemun tsami, ita ce take zama babban nan baƙi mai ɗigon rawaya. In ɗarɓa ta yi yawa a kan wake, ka wanke ta da ruwa ko ka yanke reshen.

Kula: fiya-fiya da sauran magungunan sauro da kyankyasai ba sa bambance ƙwaro. In za a yi feshin gida, a yi shi cikin ɗakuna bayan magariba, kada a bi ta kan furen, kuma a kife kaskon da ake zuba wa ƙwarin ruwan sha, wanda bayaninsa ke tafe, a wanke shi kafin a mayar.

10. Tanadi abincin rani da ruwa

Da damina ko'ina akwai ɗan abin kiwo. Yunwar ƙudan zuma daga Disamba zuwa Afrilu take, shi ya sa ake ganinsa yana rububi a kan garin rogo da mazarƙwaila a kasuwa, da bakin famfo. Filin da ya yi fure wata uku ya bushe ya yi rabin aiki ne kawai.

Don haka tun a watan Yuli, ƙasa na da laima, ka dasa masu daɗewa a gefen filin. Shuwaka ce kan gaba: reshe ake yankowa a soka, ta kama, kuma da hunturu take fitar da fararen furanni masu ƙamshi da zuma ke rufewa a kai, muddin ba a sare ta ba. Lalle yana yin shinge mai kyau. Zogale ba ɗan asalin ƙasarmu ba ne, daga Indiya ya zo, amma yana fure a yawancin watannin shekara, ban ga dalilin hana shi wuri ba. Mai fili babba ya ƙara da sabara, ko magarya can nesa da hanya saboda ƙayarta. Tumfafiya tana fure a tsakiyar rani kuma ita ce abincin tsutsar jan malam-buɗe-littafin nan mai baƙin gefe, sai dai nononta haɗari ne ga ido. Gidan da ke da ƙananan yara a haƙura da ita.

Ruwa kuwa, kasko ko faranti mai faɗi, a cika shi da tsakuwa, a zuba ruwa yadda kan tsakuwar zai fito. Ƙudan zuma ba ya iyo, sai ya samu wurin tsayawa. A sa a inuwa, wuri ɗaya kullum.

Kula: ka zubar da ruwan ka goge kaskon duk bayan kwana biyu ko uku. Sauro yana bukatar kusan mako guda daga ƙwai zuwa tashi, in kana canjawa ba zai samu wannan makon ba. Ruwan wanki mai sabulu ba a ba ƙwari, ba a kuma zuba wa shuka. Na alwala da na wanke hatsi sun yi wa shuwaka da ɗoɗɗoya.

11. Ba su wurin zama, amma ban da amya

Yawancin ƙudajen da ke yi wa fure aiki ba sa zama a taro. Ɗai-ɗai suke, wasu a ramin ƙasa, wasu a cikin kara. Ka bar musu wani gefe na ƙasa tsirara mai samun rana da ba a tonawa ba a takawa. Ka ɗaure guntayen gora masu rami, tsawon taƙi ɗaya, ka rataye ƙarƙashin rufi inda ruwa ba ya duka. Ko ka samu busasshen kututture ka huda shi da ramuka masu faɗin milimita uku zuwa goma, zurfin santimita goma zuwa goma sha biyar. In ka ga an toshe bakin rami da laka ko ganye, an yi ƙwai a ciki. Gallo kuma in ya yi gida a tsagar katangarka, ka ƙyale shi.

Kula: kada sha'awa ta kai ka ga ɗora amya a cikin unguwa. Zuman da ke kiwo a kan fure ba ruwansa da kowa sai an matse shi, amma zumanmu na Afirka a bakin gidansa mafaɗaci ne, yana iya far wa mutane da dabbobi a taro. In taron zuma ya sauka a bishiyarka, a janye yara, kada a jefe shi kada a sa masa wuta, a kira mai kiwon zuma ya kwashe. Wanda aka harba a kankare ƙarin da farce nan take. In fuska ko harshe ya kumbura, ko numfashi ya fara wuya, asibiti kai tsaye ba jira.

12. Yanka, da shekara ta biyu

Da Oktoba filin zai fara muni, hannu zai yi ta ƙaiƙayin ɗaukar lauje. Ka daure. Sai kwanso ya bushe ya fara fashewa, wajen ƙarshen Nuwamba. Ka fara ɗibar irin baɗi, sannan ka yanke a tsawon taƙi ɗaya daga ƙasa, ka bar yankakken a wurin kwana uku yana zubar da sauran irinsa, ka kakkaɓe, ka kwashe. Kada ka bar shi ya ruɓe a nan, ƙasar za ta yi ƙarfi fiye da yadda ake so. 'Yan karan rama masu kauri ka bar su a tsaye a kusurwa, akwai masu kwana a ciki.

Kula: busasshiyar ciyawa da iskar hunturu ba sa haɗuwa da wuta. Kada ka ƙona filin, kuma kada ka bar tarin yayi kusa da murhu ko janareta.

Damina ta biyu ba sai ka yi sabuwar shuka duka ba. Kada ka juya ƙasar, ka dai ja manjagara sama-sama kafin ruwan shuka. Gasaya, karkashi, lalo da tafasa za su fito da kansu, aikinka ya koma na raba faɗa: ka rage wanda ya yi yawa, tafasa ce yawanci, ka cike gurabe da irin da ka ajiye, ka ƙara sabon iri ɗaya ko biyu da ka gano da kaka. Irin da zai rage maka zai fi ƙarfin filinka nesa ba kusa ba. Ka ƙulla shi a takarda ka miƙa wa gidajen da ke layinku, da makarantar unguwa in tana da fili a baya. Ƙudan zuma na amya yana iya tafiyar kilomita biyu ko uku neman fure, amma gallo da ƙananan 'yan'uwansa ba sa wuce 'yan ɗaruruwan mitoci daga gidansu, don haka sai furen gidanka ya samu na maƙwabci a kusa kafin su iya zama a unguwar.